Zaton Gudan Jini a Huhu: Abin da Nake Gani Daga Tagar Magani

Akwai wata 'yar alama da likitoci ke sakawa a gaban sunan cuta idan ba su tabbatar da ita ba, wato alamar tambaya. Mu da ke aiki a sashen magani na asibiti kullum muna ganinta a kan katin marasa lafiya, kuma ma'anarta ita ce ana zato, ba a kai ga yanke hukunci ba. A yawancin cututtuka ba ta tayar mini da hankali. Amma idan na gan ta a gaban sunan gudan jini a huhu, nakan ture sauran takardun da ke gabana gefe guda, domin wannan na cikin cututtukan da ake fara yi wa magani tun ana kan zato. Iyalai da yawa ba su san haka ba, shi ya sa rigima kan tashi a bakin tagarmu. Mutum ya zo da takarda, a gaya masa kuɗin allura, ya ce yaya za a sa shi sayen magani mai tsada haka alhali likitan da kansa ya ce bai tabbatar ba? Tambaya ce ta mai hankali, kuma amsarta ta fi ƙarfin minti biyun da layi ke ba ni.

Gudan jinin da ake magana ba a huhu yake haihuwa ba. Galibi yakan daskare ne a cikin manyan jijiyoyin da ke can cikin naman ƙafa, a sharaɓa ko cinya, wani lokaci kuma a ƙugu. Ranar da ya ɓalle, sai jini ya ɗauke shi kamar yadda ruwan sama ke kwasar tarkace a kwata, ya ratsa da shi ta ɓangaren dama na zuciya, ya kai shi jijiyoyin huhu. Can hanya ke ƙara tsukewa, can yake maƙalewa. Iska na shiga huhun lafiya lau, amma jinin da zai karɓe ta ba ya isowa. Wani likita Bajamushe mai suna Rudolf Virchow ne ya fayyace wannan tafiya a tsakiyar ƙarni na 19, kuma saboda shi ne aka keɓe ranar haihuwarsa, 13 ga Oktoba, a matsayin ranar wayar da kai kan daskarewar jini ta duniya tun daga 2014. Har yau da sunansa ake koyar da dalilai uku da ke sa jini ya daskare inda bai kamata ba: ya daɗe kwance bai gudana ba, ko bangon jijiya ya ji rauni, ko kuma jinin kansa ya zama mai saurin kamawa.

Duk wanda ya riƙe waɗannan ukun zai iya lissafa mutanen da abin ya fi kusa da su ba tare da ya buɗe littafi ba. Wanda aka yi wa tiyata ko ya karye a ƙafa ya kwanta makonni. Mai ciwon daji. Mai sikila. Mai shan ƙwayar tazarar haihuwa irin wadda ke ɗauke da sinadarin istirojin. Matafiyin da ya naɗe ƙafa a mota daga Kano zuwa Legas bai sauka ya taka ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana a 2007 cewa zaman tafiya na sa'a huɗu ko fiye yana ninka haɗarin kusan sau biyu, ko da yake a mai lafiya haɗarin ƙarami ne tun asali. Sai kuma mai ciki, da wadda ta fi ta, mai jego. Makonni shida na farko bayan haihuwa su ne mafi haɗari, kuma kusan su ne kwana arba'in ɗin nan da muke cewa mace ta kwanta ta huta, kada ta ɗaga ko tsinke. Hutun yana da kyau. Kwanciya wuni guda ba motsi ce ba ta da kyau, musamman ga wadda aka yi wa tiyata aka ciro jariri.

Wahalar wannan cuta ita ce ba ta da fuskar kanta, aron ta wasu take yi. Numfashi ya sarƙe farat ɗaya, ƙirji ya riƙa suka idan an ja iska, zuciya ta riƙa dukan uku-uku, wani ya yi tari da ɗan jini, wani ya yanke jiki ya faɗi. Kowanne daga cikin waɗannan yana da wani mai shi da aka fi sani. Suka a ƙirji a ce namoniya ce, tarin jini a ce tibi, haki a mai jego a ce ƙarancin jini, faɗuwar gaba a ce damuwa. Sau da yawa kuma gaskiya ne, su ɗin ne. Ga mai sikila abin ya ƙara rikicewa, domin ciwon ƙirjin da cutarsa ke kawowa kamarsu ɗaya. Hoton ƙirji na yau da kullum, wanda mutane suka fi yarda da shi, ba ya nuna gudan jini. Yakan fito tas a mutumin da huhunsa ke toshe. Na sha jin an ce, “Ai an yi hoto an ce ba komai.” A wajen likita mai lura, mutum na haki iskar jininsa na sauka amma hoton ƙirji ya fito fes, wannan ƙarin dalilin zato ne.

Saboda haka likita ba ya fara da na'ura, da tambaya yake farawa. Akwai wani ma'auni da likita Philip Wells na ƙasar Kanada da abokan aikinsa suka tsara wajen shekarar 2000, wanda ke ba kowace alama maki. Kumburi da ciwo a ƙafa ɗaya maki 3. Idan babu wata cutar da ta fi dacewa da alamun, maki 3. Bugun zuciya sama da 100 a minti ɗaya, maki ɗaya da rabi. Tiyata cikin makonni huɗu da suka wuce ko kwanciyar kwana uku zuwa sama, ɗaya da rabi. Wanda ya taɓa samun gudan jini a baya, ɗaya da rabi. Tarin jini ɗaya, ciwon daji ɗaya. Idan jimilla ta haura 4, zaton ya yi ƙarfi. Na kawo wannan lissafi ne don mai karatu ya ga cewa kusan dukkansa daga bakin marar lafiya da danginsa yake fitowa. Idan likita ya tambaya ko an yi doguwar tafiya, ko ana shan wata ƙwaya, ko ƙafa ta taɓa kumbura, ba hira yake nema ba. Na san mata da ke ɓoye ƙwayar tazarar haihuwa saboda uwar miji na tsaye a gefen gado. Wadda ta samu kanta a wannan hali ta nemi a ba ta wuri da likita ko ma'aikaciyar jinya, haƙƙinta ne, kuma ba wanda zai kai maganar waje.

Idan zaton bai yi ƙarfi ba, sai a ɗebi jini a yi gwajin da ake kira di-daima. Wannan gwaji na fi shan wahalar bayaninsa fiye da kowanne. Abin da yake aunawa ɓurɓushin gudan jini ne da jiki ke narkarwa. Idan ya fito ƙasa, galibi ƙasa da 500, a mutumin da dama zatonsa mai rauni ne, to an kore cutar, ya tafi gida hankali kwance. Ga wanda ya haura shekara 50, likitoci da yawa sukan ninka shekarunsa sau goma su mai da shi iyaka, wato ɗan shekara 70 iyakarsa 700. Amma idan ya fito sama, bai tabbatar da komai ba. Ciki na ɗaga shi, jego na ɗaga shi, tiyata, zazzaɓi mai tsanani, sikila, ciwon daji, har tsufa kansa. Kamar kare ne mai haushi da dare. Idan ya yi shiru ka san ba kowa a tsakar gida, idan ya yi haushi kuwa, ko ɓarawo ne ko akuyar maƙwabta, sai ka fito da fitila. Na ga mutanen da suka je ɗakin gwaji na kuɗi da kansu suka yi shi ba da umarnin likita ba, suka ga lamba ta haura, suka kwana ba barci a kan abin da babu shi. A ganina bai kamata a sayar wa kowa wannan gwaji ba sai da takardar likita.

Fitilar ita ce hoton siti-sikan na jijiyoyin huhu. Ana ɗura wani ruwa mai sinadarin aidin ta jijiyar hannu, ya haska hanyoyin jini, gudan ya fito kamar tabo a tsakiyar haske. Kafin a yi shi akan duba lafiyar ƙoda, domin ita ke fitar da ruwan, kuma akan tambayi mai ciwon sukari ko yana shan metfomin. Matsalarmu a nan sananniya ce. Na'urar ba a kowane gari take ba, inda take ma wani lokaci ta lalace ko babu wuta, kuɗinta kuma kan kai albashin wani na wata. Shi ya sa likitocinmu kan koma ga sikanin ƙafa, wanda ya fi sauƙi da araha. Idan aka ga gudan jini a jijiyar cinya a mutumin da ke haki, maganin ɗaya ne, ba sai an jira hoton huhu ba.

Wata ranar Alhamis da yamma wani magidanci ya zo tagarmu da takarda a hannu, mahaifiyar matarsa na biye da shi da jariri a goye. Kwana goma sha biyu ke nan da yi wa matar tiyatar haihuwa. Tun safe take haki, ta kasa zuwa banɗaki sai an riƙe ta, ƙafarta ta hagu kuma ta fi ta dama kauri. An rubuta mata allurar inoksafarin, wadda aka fi sani da Clexane, an ce gobe za a yi hoto. Shi kuma kuɗin da ke aljihunsa na abu ɗaya ne, allurar ko hoton, kuma ya fi son hoton don a san gaskiya tukuna. Tsohuwar ta matso ta ce mini, “'Yar nan, ki dubi girman Allah ki gaya mana. In sanyi ne ya kama ta mu koma gida in ci gaba da yi mata wanka.” Na ce, “Mama, ba zan ce miki ba sanyi ba ne, likita ma bai ce ba. Amma idan abin da yake zato ne, daren nan shi ne abin tsoro. Hoton zai iya kwana, allurar ba za ta kwana ba.” Mijin ya tambaya don me ba a yi mata gwajin jinin nan da aka yi wa na gadon kusa da ita ba, tunda ya fi araha. Na ce masa a mai jego kusan dole ya fito sama, da an karɓi kuɗinsa a banza. Ya sayi allurar kwana biyu. Da safe sikanin ƙafa ya nuna gudan jini tun daga bayan gwiwa har cinya.

Hujjar fara magani kafin tabbaci tsohuwa ce. A 1960 wasu likitoci biyu a birnin Biristol na Ingila, Barritt da Jordan, suka raba marasa lafiya 35 gida biyu. Cikin 19 da ba a ba maganin hana daskarewar jini ba, biyar suka mutu da cutar. Cikin 16 da aka ba, ba wanda ta kashe. Aka dakatar da barin mutane ba magani, kuma tun daga lokacin ba a sake yin irin wannan gwaji ba. Saboda haka ƙa'idar ita ce, idan zato ya yi ƙarfi kuma hoto zai ɗauki lokaci, a fara allura, matuƙar mutum ba ya zubar da jini. Ana auna ta da nauyin jiki, miligiram ɗaya ga kowane kilo, sau biyu a rana, a rage idan ƙoda ta yi rauni. Wannan ne ya sa nake damun ma'aikatan ɗaki da tambayar nauyi, kuma ba na karɓar na ƙiyasin ido.

Ba kowane zato ne ke tabbata ba. A manyan binciken da aka yi a Turai, kusan mutum ɗaya cikin biyar da aka zarga ne kawai aka samu da cutar. Wani dattijo da hoton ɗansa ya fito ba komai ya tsaya a gabana yana faɗa, wai an sa shi ya sayar da rago a kan iska. Na fahimci zafinsa, rago ba ƙaramin abu ba ne. Abin da na iya ce masa shi ne, “Baba, da ragon ka sayo labarin cewa ba sai yaron nan ya sha maganin tsinka jini na wata uku ba.” Bai gamsu ba, ya tafi yana ƙunƙuni, ni ma ban ga laifinsa ba.

Idan cutar ta tabbata, tambaya ta gaba ita ce yaya nauyinta, kuma a nan ne dangi kan ga kamar ana nuna bambanci. Mutum biyu suna ɗaya a kati, a kai ɗaya ɗakin kulawa ta musamman, a sallami ɗaya bayan kwana biyu da ƙwayoyi a leda. Girman gudan a hoto ba shi kaɗai ake dubawa ba. Abin da ya fi muhimmanci shi ne yadda ɓangaren dama na zuciya ke jure turin jini ta hanyar da ta toshe. Idan awon jini na dantse ya faɗi, lambar sama ta sauka ƙasa da 90 ta ƙi tashi, zuciya ta fara gazawa ke nan. Wannan shi ake ba maganin farfasa gudan jini, irin su altefiles ko sitireftokines, masu aiki cikin sa'o'i amma masu haɗarin zubar jini har a ƙwaƙwalwa, don haka ba a ba kowa. Ga sauran akan duba abubuwa shida: shekaru sama da 80, ciwon daji, tsohon ciwon zuciya ko huhu, bugun zuciya 110 zuwa sama, awon jini ƙasa da 100, da iskar oksijin a jini ƙasa da kashi 90. Wanda ba shi da ko ɗaya, sikanin zuciyarsa kuma ya yi kyau, haɗarinsa kaɗan ne ƙwarai, zai iya jinya a gida idan akwai mai kula da shi kuma asibiti ba nisa.

Daga nan aikin ke dawowa tagata. Abin da muke kira maganin tsinka jini ba ya narkar da gudan. Hana shi girma yake yi, ya hana sabo fitowa, jiki kuma ya narkar da tsohon a hankali cikin makonni. Mafi ƙarancin lokacin shansa wata uku ne. Wafarin shi ne mai araha, amma mai sharuɗɗa. Yana ɗaukar kwanaki kafin ya kama, don haka ake haɗa shi da allura aƙalla kwana biyar, kuma dole a riƙa gwajin INR a tsayar da shi tsakanin 2 da 3. Flagyl da Septrin suna ƙara masa ƙarfi har jini ya ɓalle. Rifamfisin na maganin tibi yana kashe masa ƙarfi. Ganye irin su alayyafo da zogale da kabeji suna rage aikinsa, amma ba na hana kowa miyar ganye, cewa nake a ci daidai yadda aka saba, kada a yi mako ba a taɓa ba sannan a wuni ana cin kwaɗon zogale. Mai ciki ba ta shan wafarin, allura ake yi mata har ta haihu. Mai shayarwa kuwa tana sha, shi aka ba mai jegon nan, ta yi ta zirga-zirgar gwaji da jariri a baya har ta cika wa'adinta lafiya. Sababbin ƙwayoyi irin su Xarelto da Eliquis ba sa buƙatar wannan gwaji, sai dai tsada, kuma ba a ba mai ciki ko mai shayarwa. Xarelto ana shan miligiram 15 sau biyu a rana na kwana 21, sannan a koma 20 sau ɗaya, tare da abinci. Duk wanda ke kan ɗaya daga cikinsu ya nisanci ibufurofen da diklofenak da asfirin sai da izinin likita, ya tsaya ga farasitamol. Kada a kai shi wajen wanzami a yi masa ƙaho ko tsaga, kada kuma a murza ƙafar da ta kumbura da sunan tausa. Baƙin bayan gida kamar kwalta, jini a fitsari, haɓon da ya ƙi tsayawa, ko ciwon kai mai tsanani bayan faɗuwa, duk na komawa asibiti ne a ranar.

Wanda ya fi tsaya mini a rai wani direban babbar mota ne. A mako na biyar ya ji garau, ya ga kuɗin kwalin wata guda ya kai na buhun abinci, sai ya ajiye. Bai gaya wa kowa ba. Bayan kwana goma sha aka kawo shi a kwance a bayan a-kori-kura. Ya rayu, amma ya ƙara mako biyu a gado da kuɗin da ya ninka wanda ya yi gudu. Da ya zo ya ce mana kuɗin ya fi ƙarfinsa, da an mayar da shi kan wafarin. Tun daga kansa, duk wanda na miƙa wa kwalin farko sai na tambaye shi kai tsaye ko zai iya sayen na biyu da na uku.

A ƙarshen wata uku ake zama a yi hisabi, kuma mutane da yawa ba sa zuwa wannan zama saboda sun ji sauƙi. A nan ake yanke ko a tsaya ko a ci gaba. Wanda tiyata ce ta jawo masa, dalilin ya wuce, da wuya ya dawo. Wanda ya zo masa haka kawai ba sanadin da aka gano, kusan ɗaya cikin goma yakan sake samu a shekarar farko bayan barin magani, shi ya sa akan shawarci wasu su ci gaba har illa ma sha Allahu. A wannan zama kuma ake tambayar numfashi. Yawanci yana dawowa daidai sannu a hankali. Amma a mutum biyu zuwa huɗu cikin ɗari, gudan ba ya narkewa, sai ya zama tabo mai tauri a jijiyar huhu, ya riƙa wahalar da zuciya shekara da shekaru, ana ta ba mutum maganin asma. Ni tambayata mai sauƙi ce: tafiyar da kake yi daga gida zuwa kasuwa ko masallaci kafin ciwon, yanzu kana yinta ba tsayawa? Mace kuma, kina iya share tsakar gida ki gama ba ki zauna ba? Idan amsar a'a ce bayan wata uku ana shan magani yadda ya kamata, nakan rubuta 'yar takarda in haɗa da katin, a koma wa likita a nemi sikanin zuciya.